Na Sa Kuɗin Gidanmu a Kamfanin Batir Ba da Sanin Matata Ba, Yanzu Rabi Ya Tafi

Assalamu alaikum Malama. Ni magidanci ne, shekarata 39, da mata ɗaya da yara uku. Sana'ata harhaɗa sola da gyaran batura, yau shekara goma sha biyu ina cikinta. Bara wani abokina da muka taso tare ya nuna min wani kamfani a kasuwar hannayen jarin Amurka, wanda ke ƙera sabon nau'in batir marar ruwa a cikinsa. Sun ce zai fi na yanzu riƙe wuta, ya fi saurin caji, kuma ba ya kama gobara. Ba su fara sayarwa ba, suna matakin gwaji, amma suna da yarjejeniya da wani babban kamfanin mota. Na karanta bayanansu, kuma a matsayina na ɗan sana'a na gamsu. Sai na ɗebi kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ni da matata muke tarawa don mu mallaki gida, na sayi hannun jarin, ban gaya mata ba. Yanzu farashin ya faɗi da rabi. Abokina ya ce damar ke nan, in ƙara saya tun yana arha. Na tuntuɓi matata kamar yanzu ne zan fara, ta ce ita ba ta yarda a taɓa kuɗin gida ba. Akwai guminta a ciki, don ita ma tana aiki. Raina ya ɓaci, ina ganin ba ta san harkar ba, kuma ba ta yarda da ni ba. Tsorona kada nan da shekara biyar wasu su yi arziki ni ina cizon yatsa. In ƙara a ɓoye, in ya tashi in nuna mata? Ko in sayar in haƙura? Barci ma ya gagare ni.

Daga wani mai sana'ar batir

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karon farko hankalina ya tafi kan kamfanin, a na biyu ya tsaya kan kalmomi huɗu: “ban gaya mata ba”. Za mu zo kansu. Amma tunda batir ne ya hana ka barci, bari mu fara da shi, kada ka ce ni ma ban san harkar ba.

Ba shirme ka hango ba. A 2024 kaɗai an sayar da motoci masu amfani da lantarki sama da miliyan 17, wajen mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar a duniya, ban da baturan ajiye wutar sola da kai kanka kake ɗauka da hannunka kullum. Matsalar da kamfanin naka ke son warwarewa ita ma ta gaske ce. Ruwan sinadarin da ke cikin batirin litiyam yana kama wuta. In aka maye gurbinsa da sandararren abu, haɗarin gobara zai ragu, kuma a samu damar cusa wuta mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Duk wanda ya riga kowa ƙera shi da yawa kuma da arha zai kwashi dukiya. Har nan bakinmu ɗaya da kai da abokinka.

Ga inda muka rabu. Kai ka san batir bayan ya fito daga kwali. Ka san mai jure zafi, ka san mai mutuwa tun bai cika shekara biyu ba, jabu kuwa da ido kake gane shi. Ilimi ne mai daraja, kuma shi ya sa da ka karanta bayanan kamfanin ka ji kamar a gida kake. Sai dai makomar kuɗinka ana yanke ta ne a wurare biyu da sana'arka ba ta taɓa kai ka ba: cikin masana'anta, da cikin littafin kuɗin kamfani.

Dubi batirin da ke cikin wayarka. Masanin kimiyya Stanley Whittingham ya fara aiki a kansa tun shekarun 1970, John Goodenough ya kawo nasa gyaran a Oxford a 1980, Akira Yoshino ya haɗa wanda za a iya amfani da shi lafiya a 1985, sai a 1991 Sony ya kai shi kasuwa. Kusan shekara ashirin ke nan, kuma wannan labarin wanda ya ci nasara ne. Kamfanin mai na Exxon, inda Whittingham ya yi aikin farko, ya watsar da shi tun kafin a ci moriyarsa. Shi kuwa batir marar ruwa, ko Toyota, da kuɗinsa da injiniyoyinsa, ya sha ɗage ranar fitowarsa, maganar da yake yi yanzu ita ce tsakanin 2027 da 2028.

Dalilin jinkirin kai ma za ka gane shi. Ƙwararru su haɗa batir ɗari masu kyau a ɗakin gwaji abu ne guda. A ce inji ya riƙa fitar da miliyoyi, kowane daidai da ɗan'uwansa, wani abu ne can daban. Ɗan ƙura ko ɗan danshi ya isa ya ɓata guda, guda ɗaya marar kyau kuma ya isa ya ƙone mota. A farkon aiki masana'anta kan zubar da kaso mai yawa na abin da ta ƙera, kuma kowane da aka zubar kuɗin masu jari ne. Northvolt na ƙasar Suwidin, wanda tsofaffin ma'aikatan kamfanin motocin lantarki na Tesla suka kafa a 2016, ya tara sama da dala biliyan 10, Volkswagen da bankin Goldman Sachs na cikin manyan masu jarinsa. Ba ma sabuwar fasaha yake yi ba, batirin litiyam ne irin wanda aka sani. Amma masana'antarsa ta Skellefteå ta kasa fitar da kaya yadda aka yi alkawari, BMW ya soke odar yuro biliyan 2 a watan Yunin 2024, a Nuwamba Northvolt ya nemi kotu a Amurka ta kare shi daga masu binsa bashi, a Maris na 2025 ya durƙushe a gida. Britishvolt na Ingila kuwa ya rushe a Janairun 2023 tun bai gina masana'antar ba. Saboda haka yarjejeniya da babban kamfanin mota, wadda ita ce ta kwantar maka da hankali, ba tabbaci ba ce. Su manyan sukan sa ɗan kuɗi a wurare da yawa don kada a bar su a baya, kuma asarar da za ta karya ka, su ko a jikinsu.

Akwai wani labarin da nake so ka riƙe fiye da sauran. A123 Systems ya fito daga binciken jami'ar MIT ta Amurka, fasaharsa mai kyau ce, ya shiga kasuwar hannayen jari a 2009 ana ta rububinsa, gwamnatin Amurka ta ware masa tallafin dala miliyan 249. A 2012 aka gano lahani a wasu baturan da ya ƙera, ya sha asarar maye gurbinsu, a Oktoban shekarar ya karye. Kamfanin Wanxiang na Sin ya saye shi, kuma har yau ana ƙera batir da sunan A123. Batirin ya rayu, sunan ya rayu, masu hannun jarin farko ne ba su tsira da abin kirki ba, domin idan kamfani ya karye masu bin bashi ake fara biya, mai hannun jari shi ne a ƙarshen layi. Ke nan kana iya yin daidai a kan fasahar, ka kuma rasa kuɗinka.

Ko ba a karye ba ma, farashin da mutum ya shiga da shi yana iya cin sa. QuantumScape, wanda shi ma batir marar ruwa yake yi, kuma Volkswagen ke mara masa baya, ya shiga kasuwa a Nuwamban 2020. Cikin wata guda hannun jarinsa ya haura dala 130, alhali bai sayar da batir ko ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2022 yana ƙasa da dala 10. Kamfanin yana nan yana aikinsa, har yana aika wa kamfanonin mota samfura su gwada, amma wanda ya saya a saman can ya ga sama da kashi 90 cikin ɗari na kuɗinsa sun narke. A kan hanyar saukowar, an wuce wurin da ya faɗi da rabi, kuma na tabbata a ranar akwai abokai da yawa da suka ce wa abokansu “damar ke nan”.

Sannan su ma na gaba ba tsayawa suka yi suna jira ba. A 2010 batirin litiyam ya fi dala 1,000 a kan kowace kilowat-awa, wato ma'aunin wutar da batir ke ɗauka. A 2024 ya sauko wajen dala 115. CATL da BYD na Sin, su biyu kawai, suna riƙe da fiye da rabin kasuwar baturan mota ta duniya. Duk shekarar da kamfaninka ya ƙara a ɗakin gwaji, tsohon batirin ƙara arha yake yi, ƙara inganci kuma. Mai ƙera mota ba zai biya ninki biyu don sabon abu ba in tsohon ya ishe shi.

Yanzu littafin kuɗi. Kamfanin da ba ya sayar da komai da me yake biyan albashi? Da kuɗin masu jari. In suka kusa ƙarewa sai ya buga sababbin hannayen jari ya sayar. A ƙaddara yana da hannun jari miliyan 100, ya ƙara miliyan 50: adadin naka bai canza ba, amma rabonka a kamfanin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Idan kuma farashi ya faɗi, dole ya buga da yawa kafin ya tara kuɗin da yake buƙata, don haka faɗuwar da abokinka ke kira arha ita ce ke ƙara sirka rabonka. Gina babbar masana'antar batir kuwa maganar biliyoyin daloli ce.

Na san za a kawo maka Tesla, wanda ya shiga kasuwa a 2010 a kan dala 17, bai rufe shekara da riba ba sai 2020, kuma masu haƙuri suka yi arziki. Gaskiya ne. Amma ranar da ya shiga kasuwa yana da mota a kan titi da masu saye. Kuma sunan wanda ya tsira ake tunawa, waɗanda suka nutse ba mai ambatonsu a hira.

Ban ce kamfaninka zai mutu ba. Yana iya zama cikin 'yan kaɗan ɗin da za su haye. In kana son ka auna shi da gaske, ka ajiye bidiyoyin talla da hirarrakin shugabansa, ka buɗe rahoton shekara da dokar Amurka ta wajabta masa ya miƙa wa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, wanda ake kira 10-K, da na wata uku-uku. Kyauta suke a intanet. Ka duba kuɗin da ke hannunsa, ka raba da abin da yake kashewa a shekara, amsar ita ce yawan shekarun da suka rage masa kafin ya sake miƙo hannu. Ka duba adadin hannayen jarinsa shekara uku da suka wuce da na yau. Ka ɗauko alkawuran da ya yi a baya ka ga nawa ya cika a kan lokaci. Yarjejeniyar nan kuma ka karanta ta da kyau: odar saye ce mai ɗaure kamfanin motar, ko haɗin gwiwar gwaji ce da zai iya fita ranar da ya ga dama? Kamfanonin mota sukan gwada samfurin batir mataki-mataki, A, B, sannan C, kuma kowane mataki kan ci watanni masu yawa; a wanne yake? A nan ne ma sana'arka za ta yi maka rana, don kai ka san tambayar da ya kamata: sau nawa aka yi cajinsa ya juye kafin ya raunana, a wane zafi ko sanyi, girman nawa, kuma wa ya gwada, su da kansu ko wani na waje? Akwai kuma sashen da kamfani ke lissafa haɗurransa da bakinsa. Mutane kan tsallake shi, alhali nan ne kaɗai lauyoyinsa ba sa barin a yi zaƙin baki.

Batun ƙara saya don ka rage asara, ga gwaji mai sauƙi. A ce ba ka taɓa sayen komai ba, kuɗin gidan nan suna hannunka cif, yau aka nuna maka kamfanin. Za ka sa su? In amsarka a'a ce, to abin da ke tura ka zafin asara ne. Kasuwa ba ta san farashin da ka saya ba, ba ta kuma ɗaukar maka alkawarin komawa can. Abin da ya faɗi da rabi sai ya ninka kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai, kuma babu abin da zai hana shi sake faɗuwa da rabi.

Abokinka ba na zarginsa da cuta. Mai yiwuwa shi ma ruwan ya ci shi, kuma wanda ke cikin asara yakan ji sanyi in ya ga wani ya ƙara shiga, don hakan na tabbatar masa bai yi kuskure ba. Ka tambaye shi cikin raha: da wane kuɗi ya saya, na buƙata ko na rara? Me zai faru ya ce ya haƙura ya sayar? In ba shi da amsar ta biyu, to fata yake yi ba lissafi ba. Ku ci gaba da zumuncinku, amma ka cire shi daga shawarar kuɗin gidanka.

To, mu dawo kan kalmomin nan huɗu. Ka ce ba ta yarda da kai ba. Ɗan'uwana, ita ce fa ta bar guminta a inda hannunka ke kaiwa ba tare da tana bincike ba. Wace yarda ce ta wuce wannan? Kai ne ka je mata da tambayar da ka riga ka amsa a bayan idonta, ka kuma ji haushi da ta ba da amsar da ba ka so. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Na fahimci alheri ka nufa, so kake ka kawo gidan kusa, ka ga farin ciki a fuskarta. Amma a kan wannan magana ita ce da gaskiya, kuma ba sai ta san batir ba. Kuɗin da ke da aiki da lokaci, kamar na gida ko na makarantar yara, ba a kai su inda za a iya jira shekara goma, ko a tashi ba komai. Masana harkar jari da ake biya su ba da shawara abin da za su faɗa maka ke nan.

Dabarar ƙarawa a ɓoye kuwa, duk ta inda ta faɗi kai ne a ƙasa. In ya sake faɗuwa, gida ya yi nisa, ga amana ta karye sau biyu, garin neman gira an rasa ido. In ya tashi, za ta ji daɗin kuɗin na kwana biyu, daga nan ta zauna da sanin cewa mijinta ya ji “a'a” daga bakinta ya je ya yi abin da ya ga dama da haƙƙinta. Ina kuma zaton rabin rashin barcin nan naka ba na farashi ba ne.

Ga abin da zan so ka yi. Kada ka ƙara ko sisi daga kuɗin gida. Cikin makon nan ka sami lokacin da yara suka yi barci, ka gaya mata komai: ranar da ka saya, nawa ka ɗauka, nawa ya rage. Kada ka fara da darasin batir, kada ka jingina laifin ga abokinka, kada ka ce “ai don mu na yi”, ko da gaskiya ne. Wannan ta sani, ba shi take buƙatar ji a daren ba. Ka ce ka yi kuskure da ka taɓa kuɗin ba da saninta ba, ka kuma yi kuskure da ka tambaye ta kamar ba ka yi ba. In ta yi fushi, ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Ka lura kuma da girman abin: rabin kashi ɗaya cikin biyar, wato kashi goma cikin ɗari na ajiyarku ne ya tafi. Da ciwo, amma rauni ne mai warkewa.

Abin da ya rage a kamfanin ku yanke shawararsa tare. Kuna iya sayar da duka ku mayar asusun gida, ku huta. In ita haka take so, ni dai zan ce ka bi ta, domin da guminta aka saya. Kuna iya sayar da rabi ku bar rabi. Akwai kuma hanyar da na fi karkata gare ta in har bayan karanta rahotannin nan kana nan a kan imaninka: ka ɗauki hannun jarin a matsayin naka kai kaɗai, abin da ka ɗeba kuma a matsayin bashi a kanka, ka riƙa mayar da shi asusun gida duk wata daga abin da sana'arka ke kawowa, a rubuce, tana gani. Ta haka in kamfanin ya haye ba ka yi cizon yatsan da kake tsoro ba, in ya nutse kuma gidanku bai nutse da shi ba. Ka rubuta tun yanzu abin da in ya faru za ka fita, misali kamfanin motar ya janye, ko kuɗin hannunsu ya gaza na shekara guda. Manhajar hannun jarin da ke wayarka kuma ka daina buɗe ta kullum. Kamfani irin wannan labarinsa na gaske wata uku-uku yake zuwa, sauran motsin duk hayaniya ce.

Nan gaba, in kana son ci gaba da sa kuɗi a wannan fanni, ya zama daga rararka, kuma kamfani ɗaya da bai fara sayarwa ba kada ya wuce ɗan kaso kaɗan, irin wanda in ya ɓace za ka ji haushi amma ka yi barci. Akwai asusun jari masu tattara kamfanoni da yawa wuri guda, ta yadda mutuwar ɗaya ba ta kai ka ƙasa, kodayake su ma suna hawa suna sauka. Ka zauna da mai ba da shawara mai lasisi, wanda kai za ka biya, ba wanda ke cin kamasho a kan abin da ya sayar maka ba, kuma ku je tare da matarka.

Wani abu ma da ban ga ka lura da shi ba: kai tuni kana cikin wannan kasuwa ta ƙofar da ta fi aminci. Duk kamfanin da ya ci tseren, na Amurka ne ko na Sin, batir zai ƙara arha, masu sa sola za su ƙaru, kuma wani ne zai harhaɗa ya gyara. Kayan aiki, ƙarin horo kan sababbin batura, ɗaukar yaro ko biyu, wannan jari ne da kai ke riƙe da linzaminsa, kuma littafin kuɗinsa a hannunka yake.

Ranar da za ka yi mata maganar, ka buɗe asusun a wayarka ka miƙa mata ta gani da idonta kafin ta tambaya. Bayan nan ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi. Allah ya daidaita tsakaninku, ya mallaka muku gidan.